Sallama ta Uku a Ƙofar Shagona

Shagona yana bakin zaure, hannun dama in za ka shiga gidanmu a Ƙarfi. Ɗakin samari ne, irin wanda ake ba yaro idan ya wuce kwana cikin gida. Taga ɗaya gare shi, tana kallon hanyar Malumfashi, kuma a bakin tagar nan kaɗai sabis ke tsayawa. Nan na kafa tebur, na ɗora tsohuwar kwamfutar da na dawo da ita daga makaranta, na shafe wata goma sha ɗaya ina karatun tsaron intanet.

Bayan na gama difiloma na dawo gida ba aiki. Sai na ci karo da sanarwar wata ƙungiya da ke koyar da matasa wannan fanni kyauta ta intanet. Na cike takarda, aka ɗauke ni. Sharaɗin a fili yake: idan ka kammala darussa za a ba ka damar zama jarrabawar takardar shaida sau biyu kacal. Ka faɗi duka biyun, ka tashi a tutar babu.

'Yan ajinmu ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Ƙananan da'irori ne a kan allon kwamfuta, kowace da harafi a ciki. Suna ta zuba Turanci da sauri, suna barkwancin da ban gane kansa ba, ni kuwa makirfon ɗina a kashe. Sau da yawa na san amsar tambayar da malami ya yi, amma kafin in tattara ƙarfin halin buɗe baki wani ya riga ni. Sai in rubuta amsar a littafina, in ja mata layi, kamar wani zai zo ya duba.

Littafin nan shi ne abokin hirata. Biro uku nake amfani da su. Shuɗi na bayani, baƙi na misali, ja na abin da na kasa ganewa. Na koyi yadda masu kutse ke laluben ƙofar da aka manta a buɗe cikin na'urorin kamfani, da yadda ake bin sawunsu a rajistar da na'ura ke ajiyewa na duk wanda ya shiga da wanda ya fita. Na koyi cewa yawancin ɓarna ba da ƙarfi ake yin ta ba, mutum ake lallaɓa har ya buɗe da hannunsa. Bayan sallar asuba nake karatu har rana ta fito, in bi Baba gona, in dawo in ci gaba bayan azahar, gwargwadon abin da batirin sola ya yarda.

Wahalar karatun ba ta kai wahalar bayyana shi ba. Inna ta tambaye ni wata rana tana tankaɗe, na yi iya ƙoƙarina. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Wato dai gadi ne."

"Kusan haka, Inna."

"To gadin me?"

Na ce gadin bayanan mutane. Ta ce Allah ya taimaka, ta ci gaba da tankaɗenta. Abokan da muka taso tare kuwa suna zama a benci wajen mai shayi, in na zo wucewa sai ɗaya ya ɗaga murya, "Injiniya mai gadin iska! Yau ɓarayi nawa ka kama?" In yi murmushi in wuce. Ba mugunta ba ce, na sani. Amma ban iya mayar da wasa ba, su kuma suka gaji da jefa wasan da ba ya dawowa.

Sau ɗaya na gwada amfani da abin da na koya. Wata gwaggona ta miƙa wa mai POS katinta, ta faɗa masa lambar sirri da ƙarfi a gaban mutane, kamar yadda kowa ke yi. Da muka fito na ce mata a hankali ta daina. Ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa. "Yaron nan a gabana aka haife shi, ni na yi wa uwarsa wankan jego. Kai karatun naka na rashin yarda da mutane ne?" Ban sake yi wa kowa irin wannan magana ba.

Baba kuwa bai taɓa tambayata ba. Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu har yanzu ana riƙe da kunyar ɗan fari. Ba ya kiran sunana. In yana nemana sai ya ce wa ƙannena, "Ku kira wancan." Mukan nome kunya guda tun daga wannan bakin gona har wancan, fartanyarsa na gaba tawa na biye, ba wanda ya ce uffan sai dai "miƙo ruwa". Ban taɓa ɗaukar haka ƙiyayya ba. Haka na taso na gani. Sai dai ya sa duk abin da ya shafe ni ta hannun Inna yake bi kafin ya kai gare shi, in ma ya kai.

Lokacin jarrabawa ya zo daidai da karyar masara. A gida ake yin ta, ta kwamfuta, amma da wata mai sa ido da ke kallonka ta kyamara daga wata ƙasa. Dokokin sun cika shafi biyu, na kwafe su da hannu. Minti casa'in. Kai kaɗai a ɗaki. Babu takarda a tebur, babu rubutu a bango. Ba ka tashi, ba ka kau da kai daga allo, ba ka magana da kowa. In wani ya shigo, an soke.

Na shirya kamar yadda aka koya mini a shirya wa hari: ka zauna ka lissafa duk ta inda matsala za ta iya ɓullowa. Na rubuta abu goma sha tara. Na cika batir tun jajibiri na hana kowa cajin waya. Na sayi data a layi biyu, in ɗaya ya yanke in koma ɗayan. Na sauke kalandar mai sayar da taki daga bango, na cire allona na makarantar allo da ke rataye tun ina yaro na kai ɗakin Inna. Na ɗaure akuya a bayan gida. Na roƙi Inna ta tsare yara a tsakar gida. Ƙofar shagon ta kwano ce, tana da maratayin kwaɗo ta waje, amma ba ta da sakata ta ciki, don ba wanda ya taɓa tunanin mutum zai kulle kansa da rana tsaka yana lafiya lau. Sai na tura ta kawai, na rubuta a farar takarda da manyan baƙaƙe, ANA JARRABAWA, DON ALLAH KADA A SHIGO, na manna a jiki. Na sa alamar gamawa a gaban abu na goma sha tara.

Baba ban gaya masa ba. Ya fita gona tun da sassafe.

Da hantsi aka fara. Mai sa idon ta sa na zagaya da kyamara kusurwa huɗu na ɗakin, har ƙarƙashin tebur, sannan ta rubuto cewa in fara. Tambayoyin suka zo kamar waɗanda na sani. Na wuce ta talatin, na wuce ta arba'in. Ina kan wata tambaya game da saƙon yaudara da aka aika wa ma'aikacin banki sai na ji takun sanda a zaure.

"Salamu alaikum."

Na san muryar kafin ta kai ƙarshe. Malam ne, wanda ya koya mini karatun allo, aminin kakana, tsohon da Baba kansa ke durƙusa wa. Na kafe ido a kan allo. Na ce a raina zai ga takarda.

"Salamu alaikum. Masu gida."

Ya matso. Ina jin numfashinsa a bayan kwanon ƙofar. Sai a lokacin na tuna abu na ashirin, wanda ban rubuta a cikin goma sha taran nan ba: Malam ba ya karanta boko. Ajami yake karantawa da Larabci. Takardata a wurinsa ba ta da bambanci da hoton ɗan takara da ake mannawa a bango.

Shi ne da bakinsa ya koya mana cewa sallama sau uku ce, in ba a amsa ba ka juya. Shi ne kuma ya koya mana cewa yin ta sunna ne, amsa ta wajibi. Takalmana suna bakin ƙofa, ya san ina ciki. Na ga tsohon nan a raina yana juyawa da sandarsa, yana tafe yana tunanin yaron da ya riƙe wa hannu ya koya wa rubuta baƙi ya ji muryarsa ya yi banza da shi.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam, Malam."

Ban yanke shawarar faɗa ba. Bakina ne ya faɗa, kaina kuma ya juya wajen ƙofa da kansa, har na ɗan rusuna a kan kujera. A wajenmu wanda aka amsa wa sallama an ba shi izini ke nan. Ƙofa ta buɗe, haske ya shigo, Malam ya sako kai da farin rawaninsa daidai bayan kafaɗata, cikin kyamara.

"Af, ashe kana ciki. Mahaifiyarka ta aiko jiya cewa kana da jarrabawa, a sa ka a addu'a. Na ce wannan ai ba ta aike ba ce, gara in zo da ƙafata. Kawo hannunka."

Allon ya riga ya yi fari. Wani ɗan akwati ya fito da rubutu layi biyu: an dakatar da jarrabawa saboda shigowar wani mutum da kuma magana. Na miƙa wa Malam hannuwana biyu. Ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙa mini buɗi da nasara da kariya daga sharrin masu sharri, ina cewa amin, amin, ina kallon akwatin ta gefen ido. Da ya shafa na shafa. Na raka shi har bakin hanya.

Da na dawo na zauna a kan tabarma, ban kunna komai ba. Babu wanda zan yi fushi da shi. Inna ta nema mini alheri, Malam ya kawo shi da ƙafarsa. Na ɗauko littafina na buɗe shafin goma sha taran nan, na ɗauki jan biro, na rasa abin da zan rubuta.

Labari bai kwana ba. Inna ta yi kuka, ta ce ita ta jawo, na ce mata ba ita ba ce. Wajen mai shayi kuwa abin ya zama na dariya har mako guda. "Injiniya, ashe jarrabawar taku alwala ce, abu kaɗan ta karye?" Wani ya ce, "A'a, ta fi alwala. Alwala ai sallama ba ta karya ta." Wani dattijo ya tare ni a masallaci ya ce duk karatun da zai hana Musulmi amsa sallama a sake duba shi. Na rubuta wa ƙungiyar bayani mai tsawo, na goge, na sake rubutawa, ina ƙoƙarin fassara musu abin da sallama ta uku take nufi. Amsar ta zo gajera. Sun ji, sun yi baƙin ciki, doka doka ce. Saura dama ɗaya, bayan mako uku.

Na shiga mota na tafi Funtua neman wuri. Shagunan kwamfuta duk janareta ke ruri a ƙofarsu, mutane na shiga da fita da takardun da za a buga. Na je gidan wani kawuna a Bakori, na tarar gidan ya fi namu jama'a. Na dawo da yamma a bayan mota, an matse ni tsakanin buhunan barkono, ina kallon gonakin dawa na wucewa, ina tunanin duk faɗin ƙasar nan babu ɗaki ɗaya da mutum zai zauna awa ɗaya da rabi ba a neme shi ba. Kullum ina jin ni kaɗai ne a garin nan, ga shi ranar da na buƙaci kaɗaicin na gaske ya gagara.

Na sa kafinta ya buga mini sakata. Amma na san ba ta isa ba. Ko ƙofa na kulle za a yi sallama, za a ƙwanƙwasa, mai sa ido za ta ji. Kuma ban amince da bakina ba.

Saura kwana huɗu muna gona ni da Baba, muna tara masarar da aka karya wuri guda. Ya jefa wata a kan tarin, bai dube ni ba, ya ce, "Awa nawa ake yi?"

Na ɗauka da wani yake. Babu kowa sai mu biyu.

"Ɗaya da rabi, Baba."

"Ba a magana."

"Ba a yi. Ko muryar wani aka ji kusa, matsala ce."

Ya ci gaba da aiki har na zaci maganar ta ƙare. Can ya ce, "Wace rana?"

"Laraba, da hantsi."

Ya tsaya. Na san dalili. Laraba ce ranar da mai injin casa ya ba mu, bayan Baba ya yi ta bin sa kusan mako biyu, don a kaka kowa shi yake nema. Kuma a filin ƙofar gidanmu ake kafa injin, taku kaɗan daga tagata. Ni ban ma haɗa ranakun biyu a kaina ba sai a lokacin. Abu na ashirin da ɗaya ke nan da ban rubuta ba.

"Sallama," in ji Baba, yana kakkaɓe hannunsa, "in mutum ɗaya ya amsa, ya ɗauke wa saura."

Ya koma kan aikinsa. Ni ma na koma kan nawa.

Ranar Laraba injin bai zo ba. Daga baya na ji Baba ya bar wa wani manomi na can ƙarshen gari layinsa, ya koma baya, masararmu ta ƙara kwana goma sha biyu a tare, ga hadarin ƙarshen damina na ta haɗuwa yana watsewa. Da zan rufe taga na hango Baba. Ya shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar bedin da ke bakin lungunmu, nesa da shago, inda duk mai zuwa gidan dole ya bi. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ajiye buta a gefe, ya zauna ya juya wa gidan baya.

Na zura sakata. Na zagaya da kyamara. Aka ce in fara.

Ban taɓa jin gidanmu haka ba. Babu turmi, babu rediyo, babu kukan yaro. Inna ta kwashe kowa sun tafi maƙwabta. Har motsin agogon hannuna nake ji. Wajen tambaya ta ashirin na ji kamar an tafi an bar ni a garin da kowa ya ƙaura. Na kusa juyawa in dubi ƙofa. Sai na tuna cewa shirun nan wani ne ke zaune a bakin lungu yana tare mini shi, mutum bayan mutum. Na mayar da ido kan allo. Tambayar da ta zo a kan rajistar shiga da fita ce, na san ta kamar tafin hannuna.

Na gama saura minti bakwai. Na sake bin waɗanda na yi wa alama, na canza ɗaya, na mayar da ita yadda take. Na danna. Allon ya yi ɗan jim, sannan ya nuna na ci.

Na zauna ina kallonsa. Na so in gaya wa wani nan take, sai na ga babu lambar da zan kira wadda mai ita zai san nauyin abin. Na kashe kwamfutar, na zare sakata, na fita.

Su biyu na tarar a kan tabarmar. Malam na gefen Baba, sandarsa a kan cinya. A bayansu mutum huɗu ko biyar na tsugune a inuwa, ciki har da mai tallan manja da wani da ya zo aron buhu, duk an tsare su, suna hira ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Na durƙusa na gaishe su.

Malam ya rage murya ya ce, "An halatta magana?"

"An halatta, Malam."

"To alhamdu lillahi! Tun ɗazu tari ke cina na riƙe." Ya yi tarinsa, mutane suka fashe da dariya. "Wancan karon na zo da addu'a na ɓata, wannan karon na ce bari in zo da shiru."

Baba bai yi dariya ba. Ya dubi wajen ƙafafuna ya ce, "An gama?"

"An gama, Baba. Na ci."

"Madalla."

Ya tashi ya naɗe tabarmarsa, ya shiga gida ya sauya riga, ya ɗauki hanyar gona don ya rufe masara da leda kafin la'asar. Na bi shi a baya. Muka ja ledar, shi a wancan gefe ni a wannan, muka danne ta da duwatsu.

Takardar shaidar ta imel ta zo. Inna ta ce ita ba ta ga komai ba, sai da na je Malumfashi aka buga mini ita a takarda mai kauri, ta sa a ƙasan akwatinta. Bayan wasu watanni na samu ɗan aiki da wani kamfani, daga shagon nan nake yi, ina duba rajistar na'urorinsu ina rubuta rahoto ga mutanen da su ma ban taɓa ganinsu ba.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne shirun bai tafi ba. Tun daga ranar, duk wanda ya zo gidanmu ya ga ina gaban kwamfuta sai ya wuce shagon a hankali, ya kai sallamarsa can cikin zaure. Ina jin mata na ce wa 'ya'yansu, "Yi shiru, kada ka karya masa." Ko abokan benci sun daina kiran mai gadin iska, sai ɗaga hannu daga nesa. Girmamawa ce, na sani. Amma akwai ranar da nakan wuni ba wanda ya yi sallama a ƙofata.

Aikin yanzu ba ya hana magana. Na gaya wa Inna, na gaya wa ƙannena su gaya wa mutane, ba a ji ba. A ƙarshe na ɗauki sukundireba na kwance sakatar, na mayar da allona bango, na jawo teburin yadda zan riƙa ganin zaure. Yanzu in na ji taku ba na jira. Ni nake fara yin sallamar daga ciki, da ƙarfi fiye da yadda na saba magana. Wasu kan firgita su amsa su wuce. Malam kan tsaya, ya leƙo, ya nuna kwamfutar da sandarsa ya ce, "Matar nan mai kallo tana ciki?" In ce ba ta nan. Sai ya cire takalmi ya shigo.